Muhawara: Yaya Za a Ciyar da Mayunwaci Ba Tare da An Ƙarfafa Mai Bindiga Ba?

Baban Ummi, Jekadafari:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun watan Fabrairun 2025, lokacin da ɗan majalisar Amurka Scott Perry ya ce kuɗin USAID, hukumar Amurka mai ba ƙasashen waje tallafi, sun kai hannun Boko Haram, maganar nan ba ta bar bakin mutane ba a Gombe, daga majalisun hira har ƙofar masallaci. Jakadan Amurka a Najeriya na lokacin, Richard Mills, ya fito ya ce babu wata hujja a kan zargin. Ba zargin nake so mu tattauna ba, tambayar da ke ƙarƙashinsa ce ta dame ni. Idan masu bindiga suka kama gari ko ƙasa, talakawan da ke ƙarƙashinsu kuma suna cikin yunwa, ta yaya agajin ƙasashen waje zai isa ga talakan ba tare da ya ƙara wa mai bindigar ƙarfi ba?

Ga misali. Taliban ta shiga Kabul, babban birnin Afganistan, ranar 15 ga Agustan 2021. A watan Mayun 2024, ofishin babban sufeton Amurka mai bin diddigin kuɗin da ake kashewa a Afganistan ya bayyana cewa aƙalla dala miliyan 10.9 na kuɗin Amurka sun shiga hannun hukumomin Taliban a matsayin haraji, kuɗin fito da kuɗin wuta da ruwa da ƙungiyoyin agaji suka biya. Ni ra'ayina a fili yake: duk inda aka tabbatar kwabo ɗaya yana shiga aljihun irin waɗannan mutane, a rufe famfon baki ɗaya. Ranar da bam ya tashi a tashar Dukku da ke garin Gombe a Disambar 2014, na yini ina zagaya ɗakunan marasa lafiya ina ɗaga mayafi ina duba fuskoki, ina neman wani tsohon ɗalibina da ke lodin mota a wurin. Wanda ya ga wannan ba zai iya jin kalmar "kaɗan ne ya zurare" ya yi shiru ba.

Hajiya Maman Abba, Bajoga:
Wa alaikumus salam. Malam, Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, mu ma nan mun ga namu lokacin da 'yan Boko Haram suka shigo Nafada da Ashaka a 2014. Amma ka yi mini haƙuri, ba zan bi ka a kan rufe famfo ba. Na yi shekaru ina aikin jinya, kuma da hannuna nake ɗaura ɗan zaren awon tamowa a damtsen yara. Idan ya tsaya a kan ja, ka san yaron ya kai gargara. Na taɓa karɓar wata yarinya daga cikin 'yan gudun hijirar Borno, shekararta biyu amma ba ta iya zama, gashinta ya yi ja ya tsinke, kukanta ma ba ya fita. Da ƙunshin abincin tamowa na gyaɗa da ake kawowa daga waje aka tashe ta, ƙunshi biyu zuwa uku a rana, har ta soma miƙewa tana riƙe zanen uwarta.

An riga an gwada abin da kake faɗa a Somaliya. Ƙungiyar Al-Shabab ta kori hukumomin agaji daga yankunan da take riƙe da su, a gefe guda kuma dokokin Amurka na hana tallafa wa ta'addanci sun sa ƙungiyoyi da yawa sun ja baya saboda tsoron kada a tuhume su. Aka ayyana fari da yunwa a Yulin 2011. Binciken da aka yi daga baya ya nuna mutum kusan 260,000 suka mutu tsakanin ƙarshen 2010 da Afrilun 2012, kuma kusan rabinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Al-Shabab kuwa tana nan har yau. A duk garin da yunwa ta shiga, mai bindiga shi ne na ƙarshe da zai kwana bai ci ba, domin ko buhu ɗaya ya rage a garin, shi zai ɗauka.

Kawu na Tudun Hatsi:
Allah ya saka wa Hajiya da alheri. Ni ba ɗan boko ba ne sosai, hatsi nake saye da sayarwa shekara da shekaru, saboda haka bari in faɗi abin da ido ya gani. Kayan agaji suna shigowa kasuwa, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Akwai na farko, wanda ba na ganin laifinsa: mace ta karɓi mudu goma na masara, ta sayar da uku domin ta biya kuɗin niƙa, ta sayi gishiri da sabulu da maganin yaro. Akwai na biyu, wanda shi ne cutar. Mota ce guda za ta iso bayan isha, a shigar da ita sito, yara su kwana suna farke buhunan da aka rubuta "ba na sayarwa ba" suna juyewa cikin fararen buhuna, su ɗinke da basilla, kafin asuba a ƙone tsofaffin. An taɓa kawo mini irin wannan ciniki da sauƙin farashin da ya sa na gane, na ce a kai kasuwa gaba.

Wanda ya kawo mini tayin nan ba daga daji ya fito ba, da babbar riga da hula ya zo. A watan Yunin 2017 ofishin muƙaddashin shugaban ƙasa na lokacin ya yarda da bakinsa cewa a cikin kowace mota 100 ta abinci da ake turawa 'yan gudun hijirar arewa maso gabas, fiye da 50 ba sa isa. To idan ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Kafin mu yi maganar ƙasashen waje su rufe famfo, mu tambayi kanmu wa ke huda bututun a tsakanin sito da sansani.

Barista, Sabon Layi:
Ina gaida iyayena da suka riga ni magana. Ina ganin muna haɗa abubuwa uku a kwando ɗaya, alhali maganin kowanne daban.

Na farko shi ne sata da ƙwace, irin wanda Kawu ya bayyana, ko a tare mota a hanya. Na biyu shi ne haraji. Duk wanda ke riƙe da gari zai ce a biya kuɗin rajista, kuɗin fito a kan iyaka, harajin albashin ma'aikata. Al-Shabab har ofishi ta buɗe na musamman domin karɓar kuɗin rajista daga ƙungiyoyin agaji. Dala miliyan 10.9 da Malam ya ambata daga wannan kashi suka fito, kuma ya kamata a auna su da biliyoyin dalolin agaji da suka shiga ƙasar a waɗannan shekaru.

Na uku ya fi wuyar gani, kuma a ganina shi ne ainihin abin da ya kamata ya hana mu barci. Idan baƙo ya ɗauki nauyin asibiti da ciyar da talaka, mai mulki ya samu sararin kashe kuɗin da ya tara a kan bindiga da 'yan leƙen asiri. Ko kwabo ɗaya bai shiga hannunsa ba, an sauke masa kaya. Ƙari a kan haka, Majalisar Ɗinkin Duniya ta daɗe tana kai tsabar daloli Kabul a jirgi domin biyan ayyukanta, tun da bankunan duniya sun ƙi hulɗa da ƙasar. Ana ajiye kuɗin a bankin 'yan kasuwa, ba a miƙa wa Taliban ba, amma da zarar an canza su zuwa kuɗin ƙasar, dalar ta shiga kasuwa ta taimaka wajen riƙe darajar kuɗinsu, kuma mai mulki ne ke cin yabon. Wannan kashi na uku babu akawun da zai iya kama shi a takarda.

Duniya ba ta zauna haka kawai ba. Amurka ta riƙe kusan dala biliyan 7 na babban bankin Afganistan, daga baya ta ware rabinsu zuwa wani asusu a Suwizaland a 2022 domin kada su shiga hannun Taliban. An kuma dakatar da tallafin da ake zuba wa baitulmalin gwamnati kai tsaye, wanda kafin 2021 shi ke ɗaukar kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin da gwamnatin ke kashewa. Amma Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 2615 a Disambar 2021, sannan mai lamba 2664 a Disambar 2022, waɗanda suka ce takunkumi ba zai hana abinci da magani wucewa ba. Ma'ana, an raba tsakanin kuɗin da ke gina gwamnati da kuɗin da ke riƙe rai. Darasin Somaliya da Hajiya ta kawo shi ne ya haifi wannan rabewar.

Ɗalibi daga Pantami:
Ina neman afuwar manya, ni ɗalibi ne, tambaya ce da ni. Idan ƙungiyoyin nan hannunsu a wanke yake, me ya sa sojojin Najeriya suka rufe ofisoshin Action Against Hunger da Mercy Corps a watan Satumban 2019 bisa zargin taimaka wa 'yan ta'adda? Mu matasa abin da muke ji kullum shi ne, yaƙin nan ya ƙi ƙarewa ne domin akwai masu cin abinci da shi. Ruwa ba ya tsami banza.

Yaya Baban Sadik, Tumfure:
Ƙanena, tambayarka a kan hanya take, kuma gara a yi ta a fili. Na yi aikin rabon kayan agaji na wasu shekaru a Borno kafin in dawo gida. An rufe ofisoshin nan, gaskiya ne, amma gwamnatin tarayya ta ɗage dakatarwar a ƙarshen Oktoban wannan shekarar, suka koma aiki. Ka kuma riƙe wannan a ranka: a watan Yulin 2019, kafin rufewar, an tare ayarin ita wannan Action Against Hunger ɗin kusa da Damasak a jihar Borno aka sace ma'aikatan agaji shida, aka kashe mafi yawansu daga baya. A 2018 an kashe Saifura Khorsa da Hauwa Liman, ungozomomi biyu da ke aiki da Red Cross, bayan an sace su a Rann. 'Ya'yanmu ne, ba Turawa ba. Da wuya in yarda cewa wanda ake yi wa wannan kisan shi ne abokin cinikin mai kisan.

Game da inda kuɗin 'yan ta'addan ke fitowa, abin da kotu ta tabbatar ya fi jita-jita nauyi. A Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa an yanke wa 'yan Najeriya shida hukunci saboda tura kusan dala 782,000 ga Boko Haram daga Dubai, kuma Amurka ta sa musu takunkumi a 2022. Sauran kuwa kowa a yankin tafkin Chadi ya sani: harajin kifi da barkono, satar shanu, kuɗin fansa, da abin da suke tatsa daga manoma da sunan zakka.

Ban ce ba a zurarewa ba. Bari in faɗa muku yadda muke toshewa, da inda toshiyar ke ɓallewa. Da farko da takarda ake rabo, mai unguwa ya kawo suna. Ranar da muka koma ɗaukar zanen yatsa a wani sansani, sai ga sunaye da dama babu masu su, an kira an kira ba wanda ya amsa. Wata tsohuwa kuma, wadda ta shafe watanni tana zaune a bakin layi ba ta cikin takarda, ranar ta fara karɓa. Na tuna yadda muka yi ta goga babban yatsanta da ruwa, saboda aikin icce ya cinye zanen, sai a karo na huɗu na'urar ta karɓa. Bayan haka aka koma ba da kati, mace ta je shagon da aka amince da shi ta zaɓi abin da take so, ba sai an yi jigilar mota ba balle a tare ta. Akwai kuma masu sa ido na daban, waɗanda ba ma'aikatanmu ba, da ke bin gida gida bayan rabo suna tambaya: nawa kika karɓa, wa ya ce ki ba shi kaso?

Inda abin ke ɓallewa shi ne wurin da mai bindiga ne hukuma. A can shi zai ce ga wanda za ku ɗauka aiki, ga motar da za ku yi haya, ga ƙauyen da za ku fara. Matar da ka tambaya ko an karɓe mata kaso ba za ta faɗa ba, domin kai za ka tafi, ita za ta kwana a garin. Abin da ya faru a Yemen ke nan. 'Yan tawayen Houthi da ke riƙe da babban birnin ƙasar suka ƙi yarda da ɗaukar zanen yatsa, Hukumar Abinci ta Duniya ta dakatar da wani ɓangare na rabonta a birnin Sana'a a Yunin 2019, sai da aka yi kusan wata biyu kafin a sa hannu a yarjejeniya. Ku lura, ba ƙasar duka aka rufe ba, birni ɗaya ne, kuma an ci gaba da ciyar da yara masu tamowa da mata masu ciki. Wannan shi ne irin matsin da nake ganin yana da ma'ana: a san abin da ake nema, a san wanda ba za a taɓa ba, a san ranar da za a dawo.

Kawu na Tudun Hatsi:
Baban Sadik, katin nan ma ba a bar shi ba. Na ji masu shago na karɓar kati su ba mace kuɗi ƙasa da darajarsa. Sai dai na yarda ɓarnar mudu ba ta kai ta tirela ba.

Baban Ummi, Jekadafari:
Na karanta duka, kuma na gode. Hajiya, adadin yaran Somaliya ya tsaya mini a rai, na janye kalmar "baki ɗaya". Amma ban sauka daga kan maganata duka ba, kuma Barista ne ya ba ni hujja da kashinsa na uku. Taliban ta hana 'yan mata karatun sakandare, ta rufe musu jami'a a Disambar 2022, a cikin watan kuma ta hana mata aiki da ƙungiyoyin agaji, sannan a Afrilun 2023 ta faɗaɗa hanin zuwa ma'aikatan Majalisar Ɗinkin Duniya. Ni malamin makaranta ne, 'ya'yana mata huɗu duk sun yi karatu, kuma ban san wani malamin kirki a ƙasar Hausa da ya ce ilimi haramun ne ga mace ba. Tarihin Nana Asma'u da 'yan taru yana hannunmu. Duk lokacin da aka gindaya sabon sharaɗi, masu agaji su yi ƙorafi, su ɗan dakata, su dawo. Mai mulkin ya riga ya gane cewa ba za su iya tafiya ba, saboda haka talakawansa sun zama garkuwa a hannunsa. To ina iyakar? Akwai ranar da mai agaji zai ce daga nan ban ƙara taku ɗaya ba?

Yaya Baban Sadik, Tumfure:
Akwai, Malam, kuma an taɓa yi. Bayan kisan kiyashin Ruwanda a 1994, waɗanda suka jagoranci kisan sun gudu tare da jama'a zuwa sansanonin Zayar, wato Kwango ta yanzu, da Tanzaniya, suka karɓe ragamar sansanonin, su ke rabon abinci, su ke ƙara yawan sunaye, suna sake shirin yaƙi. Reshen Faransa na ƙungiyar likitocin MSF ya tattara ya fita a ƙarshen shekarar, ya ce ba zai zama mai ciyar da rundunar makasa ba. Wasu ƙungiyoyin suka zauna, suka ce akwai mata da yara. Har yau ma'aikatan agaji na jayayya a kan wa ya yi daidai. Abin da na fahimta shi ne, sun fita ne bayan annobar kwalara ta lafa, lokacin da cutar zaman ta fi amfaninsa. A Habasha ma, a 2023, Amurka da Hukumar Abinci ta Duniya sun dakatar da rabon abinci na watanni saboda karkatar da shi da aka gano, aka sake tsarin rajista kafin a dawo, amma a cikin watannin nan mutane sun wahala ƙwarai, musamman a yankin Tigray.

Hajiya Maman Abba, Bajoga:
Malam, maganar hana mata aiki ta fi yi mini ciwo fiye da yadda kake zato, domin na san abin da take nufi a ɗakin haihuwa. A ƙauyukanmu ma akwai gidan da namiji ba zai shiga ya duba mai jego ba, sai mace. Idan aka cire mace daga aikin agaji, an cire rabin waɗanda za a taimaka. Saboda haka a nan ina tare da kai: wannan sharaɗi ne da ya cancanci a tsaya a kansa, a ce ba mace ba aiki. Kuma da wasu ƙungiyoyi suka dakatar da ayyukansu a lokacin, an samu sassauci a fannin lafiya, mata suka ci gaba da aiki a asibitoci. Ƙarfin masu agaji yana cikin haɗa baki. Idan ɗaya ta ƙi biyan kuɗin da aka ƙaƙaba, ta biyu ta biya a ɓoye domin ta riƙe kwangilarta, an gama da su duka.

Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a yanke daga nesa, a ofis, ba tare da an duba wa zai faɗi ba. Da aka dakatar da tallafin Amurka a Janairun 2025, aka kuma rufe USAID a Yuli, ba a daji aka fara jin zafin ba. A cibiyoyin tamowa na Borno da Yobe aka ji, da wuraren karɓar magani.

Barista, Sabon Layi:
Zan ƙara abu ɗaya game da gida. Najeriya na da dokar hana ta'addanci ta 2022, kuma ƙungiyoyi masu zaman kansu na yin rajista da sashen da ke ƙarƙashin EFCC mai sa ido kan safarar kuɗin haram. An sa ƙasar nan a jerin ƙasashen da FATF, hukumar ƙasa da ƙasa mai yaƙi da safarar kuɗin haram, ke sa wa ido a Fabrairun 2023, aka cire ta a Oktoban 2025. Doka ba ita muka rasa ba. Abin da na fi so in gani shi ne a tilasta wa duk mai rabo, na gwamnati ko na waje, ya manna takarda a ƙofar wurin rabo da harshen mutanen wurin, Hausa ko Kanuri ko Fulfulde: buhu nawa ya iso, ranar da ya iso, mudu nawa kowane gida zai samu. A karanta a rediyo saboda wanda bai iya karatu ba. Matar da ta san mudu goma ne haƙƙinta ta fi akawu goma amfani, idan har akwai inda za ta kai ƙara ba tare da an san ita ce ba.

Ɗalibi daga Pantami:
Na gode, Yaya. Ban san labarin ma'aikatan Damasak ba sai yau. Amma har yanzu ina ganin ya kamata ƙungiyoyin su riƙa bayyana wa jama'ar gari nawa suka karɓo da nawa suka kashe a kan motoci da gidajen haya, domin shirun da suke yi ne ke ba jita-jita wurin zama.

Kawu na Tudun Hatsi:
Yaron nan ya faɗi gaskiya, Baban Sadik, ku isar musu. Ni kuma ga nawa. Buhun sata ba ya zama kuɗi sai ya samu mai saye, mai sayen kuma ɗaya ne daga cikinmu 'yan kasuwa. Ranar Asabar akwai zaman dattawan layinmu bayan la'asar, zan kawo maganar a yi ƙa'ida cewa duk wanda aka kama yana juye buhun agaji a sitonsa, ba mai ƙara ba shi bashin kaya, ba mai tsaya masa. Barista, idan kana da sarari ka zo ka yi musu bayanin abin da doka ta ce a kan mai sayen irin wannan kaya, domin da yawansu suna ɗauka laifin na wanda ya kawo ne kawai.

Barista, Sabon Layi:
In sha Allahu zan zo, Kawu. Ka turo mini kwatancen rumfar.